Gara Ce Ta Fara Karantawa

Shekara huɗu ina ƙirga ƙwan ƙwaro a bayan wake,
a ɗakin gwaji na Marwa, ƙarƙashin fanka mai tari.
Na san sa'ar da tsutsa ke huda ƙwaya,
na san ɗigo nawa na man darbejiya
ke sa uwar ta fasa zama.
Shafi ɗari biyu da sha ɗaya.
Aka tafa, aka ɗau hoto, aka sa mini hula mai tuntu,
aka kai kundin kanta, can sama, inda hannu ba ya kai.

Da na koma bayan damina biyu
gara ta riga kowa.
Ta fara daga godiya, ta ci sunan mahaifina,
ta bi babi na uku har gindi,
ta bar mini bango da lambar shafi.
Ban yi kuka ba, dariya ce ta kama ni:
a kan ƙwaro na rubuta, ƙwaro ya karanta.

Na tsallaka gadar Kaliyawo, rairayi fari fat,
na iske Inna Barmani a kasuwa tana sheƙe wake,
rabi ƙwaya, rabi gari.
Ta ce, "Dokta, an ce wannan ɗan banzan kika karanta.
To ga shi nan, ku gaisa."

Na sayar da 'yan kunnena.
Hamadama mai walda a Domayo
ya ƙera mini matsi da tsohon jak ɗin mota.
Kwalba talatin, na liƙa takarda da koko,
na rubuta sunana ƙanana, don kunya.

Wata uku, ba huji ko ɗaya.
Sai ga Inna da tukunya har ƙofar gida:
"Ɗanɗana iliminki."
Ɗaci!
Ɗacin da ya sa jikokinta kwana da yunwa.
Na duba jadawalina kaf,
akwai gurbin zafi, gurbin laima, gurbin mace-mace,
ban bar wa harshe gurbi ba.

Ita ta ce a shanya tukun, kwana uku a rana,
a rage mai, a ƙara toka tankaɗaɗɗiya
yadda kakarta ke yi a rumbu.
Ni na kawo sikeli, ita ta kawo baki.
Sau tara muka dafa, sau tara muka tofar.
A na goma ta yi shiru, ta ƙara cokali.

Sauran karatun ba a jami'a yake ba:
mai haraji da hatiminsa,
kwalbar da ta fashe a hanyar Mokolo,
da littafin bashi, wanda ya fi kundina kauri.

Yanzu mata sha bakwai ke tsince 'ya'yan darbejiya,
abin da a da ake sharewa a ƙone.
Ana auna musu a mudu, a biya su sefa a hannu.
Ran Asabar kuwa, a gindin bishiyar,
ina ajiye madubin ƙara girma kan turmi a kife,
yara su yi layi, ido ɗaya a rufe.
Mai dala biyar ya bayar, marar ita ya kawo wake hujajje.

Jiya Sambo, ɗan mai faci,
ya daɗe a kan madubin har aka fara turo shi.
Ya ɗago ya ce, "Malama,
in ɗaci ke korarsa,
me ya sa akwai tsutsar da ke cin ganyen darbejiya?"

Ban sani ba.
Na juya littafin bashi, na rubuta tambayar a baya,
na sa sunansa a kai
da kwanan wata.